Wanda Ya Matse Mana Famfo

Wata a cikinku ta rubuto mini cewa labarina babu soyayya a cikinsa, sai waya da na'ura. 'Yar'uwa, ki yi haƙuri, ni ma haka na same shi. Wanda ke nemana da aure, a ɗakin na'ura na fara ganinsa, yana tsugune da tocila a baki, kuma abin da zan gaya muku yau a wannan ɗakin ya ƙare.

Ga waɗanda yau suka shigo: ina aiki a wani kamfanin masu zanen gine-gine, hawa na uku, ni kaɗai ce mai kula da kwamfutocinsu. Muna da babbar na'ura guda ɗaya a wani ɗan ɗaki mai sanyi kusa da banɗaki. A cikinta an yanka ƙananan kwamfutoci goma sha biyu marasa jiki. Ba a taɓa su da hannu, amma kowace tana aiki kamar ita kaɗai ce a duniya. 'Yan haya nake kiransu. Kowane mai zane daga teburinsa yake shiga ɗaya. Zanen kuwa ba a wurin 'yan haya yake kwana ba, yana cikin wani baƙin akwati mai faifai takwas a ƙasan kantar ɗakin, wanda muke kira rumbu. Waya ce ta haɗa su. Ɗan haya ya miƙa hannu, rumbu ya ba shi, shi ke nan aikin.

Sati uku da suka wuce, rumbu ya fara rowa.

Zanen da ke buɗewa kafin ki ɗaga kofin shayi ya koma sai kin shanye, kin wanke kofin, kin dawo kin zauna. Babbar mai zanenmu, wadda muke kira Anti Rula saboda ba ta yafe wa karkataccen layi ko a girar mutum yake, ta fara zuwa ofis da saƙa. Ta ce tunda an ba ta lokacin banza, gara jikanta ya samu hula.

Manaja bai yi dariya ba. Ranar Litinin ya kira ni ofishinsa.

"Alhamis, ƙarfe sha biyu," ya ce. "In ba a gyara ba, zan miƙa kula da na'urorin gaba ɗaya ga kamfanin da ya kafa mana su. Sun ma yi tayin hakan. Za su riƙa turo mutum sau biyu a sati."

"Ni kuma fa, ranka ya daɗe?"

Ya gyara biro a kan tebur, ya sake gyara shi. "Ke ma ai na ji kina da hidima a gabanki. Allah ya sanya alheri."

Kamfanin da ya kafa mana na'urar na Injiniya ne. Injiniya kuwa shi ne wanda iyayensa za su zo gidanmu ranar Asabar.

Bari in yi masa adalci, don na san halinku, yanzu za ku fara zaginsa. Dogo ne, kayansa kullum a goge, ƙamshin turarensa yana kwana a lif. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ƙarfe bakwai na kowace safiya saƙonsa yake shigowa: "Gimbiya, an tashi lafiya?" da jan fure guda ɗaya a ƙarshe. Wata takwas bai taɓa fashi ba. Ni da nake zama da na'urori, na san darajar abin da ba ya fashi. Ina sonsa, ba sai na ɓoye muku ba.

Gwaggo kuwa ta fi ni sonsa. Ƙanwar Baba ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara tara da Mama ta rasu. Tunda aka sa ranar zuwan iyayensa ta sauke labulayen falo, ta kawo wasu masu ruwan zuma, ta sa an wanke kafet sau biyu, ta ɓoye kofuna shida da ba su da tsaga a saman durowa.

"Shekara ashirin da takwas," take cewa, ko da gishiri na ce ta miƙo mini. "Sa'anninki na kai 'ya'ya makaranta, ke kina kai wa akwati gaisuwa. Allah ya kawo miki ɗan mutunci, mai sana'a irin taki ma, ki kama kanki."

Abu ɗaya ne ya taɓa shiga tsakanina da shi. Wata Lahadi, tara ga wata, ya sauke ni a ƙofar gida. Na tuna ranar saboda sabon gyalena mai ruwan toka ne ƙofar motar ta cije. Kafin in fita ya ce, "In an yi, sai ki huta."

"In huta daga me?"

"Daga ɗakin sanyin nan. Ni ina bin waya, ke kina bin waya, wa zai zauna mana a gida?"

"Ba zan bar aikina ba," na ce. Ban ma ɗaga murya ba, gyalen nake ƙoƙarin zarowa.

Ya yi murmushi, ya miƙo hannu ya buɗe mini ƙofar. "To Gimbiya. Allah ya kai mu."

Na ɗauka an wuce wurin.

Yanzu ga aikin. Ina da wani baƙin littafi da nake rubuta duk abin da zan bincika, layi bayan layi. Dokata ɗaya ce: ba na sa wa layi maki sai na gani da idona. Na canza wayar da ke tsakanin na'ura da rumbu, na sake canza ta da wata sabuwa fil daga leda. Na zare ta daga ramin da take a akwatin raba layuka na mayar wani rami. Faifai takwas na rumbu, fitilunsu duk kore, babu mai tari. Wuri bai cika ba, ko rabi bai kai ba. Na yi zargin kwafin ajiyar da ke tashi da kansa, na kashe shi kwana biyu, babu abin da ya canza. Daga nan na ɗauki kwamfutata ta hannu na jona ta da rumbu kai tsaye, na jawo wani ƙaton zane na asibiti mai hawa tara. Ya taho a guje, mega ɗari da goma a sakan. Na koma cikin ɗan haya na jawo zanen nan dai. Mega goma.

Ke nan rumbu lafiyarsa ƙalau. Ciwon yana tsakanin 'yan haya da ƙofar fita.

Duk mai hankali a nan zai buɗe saitin hanyar 'yan haya. Shi ne layi na bakwai a littafina. Amma layi na bakwai yana da maki tun satin farko. Ga yadda ya samu. Na tura wa Injiniya saƙo: "Don Allah ka leƙa mini saitin hanyar 'yan haya, kai ka kafa shi, ka fi ni saninsa." Bayan minti ashirin ya amsa: "Na duba tas, lafiya lau. Rumbun ne ya tsufa, Gimbiya. Kin ci abinci?" Na ɗauki biro na sa maki. Ban ci abincin ba, amma na ji daɗi da aka tambaya.

Saboda makin nan na yi sati biyu ina zagaya gida ina neman ɓarawo, ɗaki ɗaya kawai nake tsallakewa. Na sabunta manhajar 'yan haya ɗaya bayan ɗaya. Na sauya musu katin sadarwa. Na kashe su na kunna har Anti Rula ta gama hula ta fara safa.

Ranar Laraba da safe ina zaune a falo, shayina ya huce, ina kallon hoton gudun layin a waya. Gwaggo tana kan kujera tana maƙala labule na ƙarshe. Baba yana wurinsa na kullum, jikin taga, da littafi. Shekara talatin ya yi a gidan ruwa yana bin bututu. Tunda Mama ta rasu bai sake aure ba, bai kuma sake yarda da kowa ba sai marubutan da suka mutu, ya ce su kaɗai ne ba sa canza magana. Da aka tambaye shi ra'ayinsa kan Injiniya, cewa ya yi, "Yaron yana da ladabi. Masu ladabi ne suka fi cika gidan nan ranar rasuwar uwarki, su ne kuma suka fara neman takalmansu."

"Uwata," ya ce, bai ɗago ba, "me kike kallo haka kamar takardar asibiti?"

Na kai masa. Ya tura tabarau sama, ya nisanta wayar daga fuskarsa.

"Wannan layin fa?"

"Gudun da zane ke yi daga rumbu zuwa wurin masu aiki, Baba. Ya kamata ya haura ɗari. Ya tsaya a goma."

"Kullum a miƙe haka?"

"Kullum."

"Da safe da yamma? Ko mutum ɗaya ne a ofis, ko an cika?"

"Goma dai."

Ya miƙo mini wayar. "Bututun da ya toshe tari yake yi. Ya kawo, ya ɗauke, ya yi amai da laka. Wanda ya fashe kuma kullum ƙara raguwa yake. Amma ruwan da ke zuwa siriri, daidai wa daida, yau kamar jiya, ba ciwo gare shi ba. Wani ne ya matse famfo." Ya mayar da tabarau, ya nemi layin da ya tsaya. "Lalacewa ba ta iya lissafi, Uwata. Nemi mai makulli."

"Yaya, kai ma biye mata za ka yi?" in ji Gwaggo daga saman kujera, da ƙugiya a baki. "Saura kwana uku baƙi su zo, kuna zancen famfo. Ke, riƙe mini kujerar nan kafin in karye a banza."

Na riƙe mata kujerar. Hankalina kuwa yana kan maganar Baba. Masu makullin wannan saitin mu biyu ne a duniya, ni da Injiniya.

Ina isa ofis ban ko ajiye jaka ba na shige ɗakin sanyi. Shafin saitin hanyar 'yan haya yana can cikin na'ura, sai an buɗe ƙofa uku. Ga shi nan: wani ɗan akwati a allo da aka sa wa alama, a gefensa an rubuta iyakar gudun da aka yarda 'yan haya su yi zuwa rumbu. Na'ura ba ta da kara, duk wanda ya taɓa ta sai ta rubuta. Na buɗe tarihin. Asusun kamfanin da ya kafa ta, daga waje aka shigo, ranar Litinin goma ga wata, ƙarfe bakwai da minti huɗu na safe.

Na ciro wayata na koma saƙonnin ranar. Ƙarfe bakwai daidai: "Gimbiya, an tashi lafiya?" Da jan fure.

Minti huɗu, jama'a. Ko shayi bai sha ba a tsakani.

Ban yi kuka ba, ga masu jiran wannan. Ɗakin ya yi sanyi da yawa. Na ɗauki hoton shafin da na tarihin, na rufe asusunsa, na bar alamar yadda take. Sannan na kira shi na ce ina son ya zo ya taya ni duba wani abu.

Ya zo bayan azahar, farar riga mai dogon hannu, agogon azurfa, da ledar lemo mai sanyi. Na juya masa allon. Ya sunkuya ya karanta, ya daɗe fiye da yadda layi biyu ke buƙata.

"Wataƙila ɗaya daga cikin yarana ne," ya ce.

"Yaranka ba su da wannan makullin. Kai ka gaya mini, ranar da kake koya mini rufe ƙofa."

Ya miƙe, ya ajiye ledar a kan kanta. Ya yi wannan murmushin na cikin mota.

"To, na ji. Ni ne. Amma ki tsaya ki fahimce ni. Ban ɓata komai ba, ko zane ɗaya bai salwanta ba. Dannawa ɗaya ce ta mayar da shi."

"Sati uku ina shiga ofishin nan kamar mara gaskiya."

"Na sani, kuma raina bai so ba. Kin ga yadda kika rame? Abin da nake faɗa ke nan. Wurin nan cinye ki yake yi. Ke ba za ki bari da kanki ba, kina da taurin kai, shi ma ina sonsa. Sai na ga in aikin ya dawo hannuna, ai bai bar gida ba. Nawa naki ne."

"Ka ce mini ka duba tas."

"Ai na duba." Har da 'yar dariya.

Na tsaya ina kallonsa. Abin da ya fi ba ni tsoro, ba ƙarya yake yi ba. Shi a ransa kyauta ya yi mini, irin wadda ake ɓoyewa a bayan baya.

"Yanzu ga yadda za a yi," ya ce, ya sassauta murya. "Cire alamar. Ki rubuta wa Manaja cewa waya ce ta samu matsala a cikin bango. Ke kin gyara, ni ban shiga ba, Asabar tana nan. Maganar aiki kuma mu bar ta zuwa gaba."

"Waya. Wadda na ce masa na canza sau biyu."

"Manaja bai san waya daga igiyar shanya ba, Gimbiya."

"Ya san sati uku. Zai ce yarinyar da waya ɗaya ta gagara sati uku, gara masu zuwa sau biyu a sati."

Ya kau da ido. A nan na gane ya riga ni yin wannan lissafin.

Ya duba agogo, ya ce yana da wani aiki a gaba. A bakin ƙofa ya juyo. "Ki yi tunanin Gwaggo," ya ce. Ya bar lemon.

Na yi tunanin Gwaggo. Da na koma gida na tarar ta shimfiɗa kayan da zan sa ranar Asabar a kan gadona, doguwar riga mai ruwan ganye da aiki a wuya, ta goge ta har hannun ya tsaya da kansa. Matar nan ta ƙi maza biyu saboda kada a ce ta bar marainiya. Ba ta taɓa gaya mini ba, a bakin maƙwabta na ji. Ta tsaya a ƙofa tana kallona ina shafa rigar.

"Ta yi?"

"Ta yi, Gwaggo."

"To ki saki fuska mana. Sai ka ce wadda za a kai kotu."

Alhamis, ƙarfe bakwai: "Gimbiya, an tashi lafiya? Na san za ki yi abin da ya dace." Fure biyu.

Rahoto biyu na rubuta a ofis. Na waya ya fi kyau, har da dogon bayani a kan zafi da danshin bango. Ɗayan layi huɗu ne da hotuna biyu. Na buɗe baƙin littafina don in ga inda zan jingina na farkon, sai idona ya faɗa kan layi na bakwai, da makin da na sa da hannuna a kan abin da ban gani ba. Sau ɗaya na yi hakan a shekara biyar. Rahoton waya zai zama na biyu, kuma da sunana a ƙasa.

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na roƙi Manaja ya zo teburin Anti Rula. Na ce ta buɗe zanen asibitin nan. Ta danna, ta ɗauki saƙarta. Muka tsaya mu uku muna kallon ɗan da'irar yana juyawa. Na buɗe kwamfutata a gefe, na cire alamar.

"Anti, rufe ki sake buɗewa."

Ta danna. Hawa tara suka tsaya a allo kafin ta zura allura.

"La ilaha!" ta ce. "Ke 'yar nan, ashe da ranki? To safa ɗaya zan kai wa yaron?"

Na miƙa wa Manaja takarda mai layi huɗu. Ya karanta, ya dubi hotunan, ya sake karantawa. Ya san sunan kamfanin, ya kuma san wanda iyayensa za su zo gidanmu, duk hawa na uku an sani.

"Kin tabbata kina son in ajiye wannan a fayil?"

"Abin da ya faru ke nan, ranka ya daɗe. Layi na huɗu laifina ne, na yarda da maganar da ban duba ba."

Ya ninke takardar biyu. "Ki canza duk makullan yau. Daga yanzu ke kaɗai." Ya yi taku biyu ya tsaya. "Zan kira kamfanin da kaina." Bai ce sannu ba. Manajoji ba sa faɗin wannan, kada ya zama al'ada.

Teburina yana nan. Na zauna a kansa har biyar, ina canza makullai ɗaya bayan ɗaya. Wayata ta yi ƙara sau shida, na kifa ta. Lemon jiya na ba mai gadi.

Da na shiga gida, falo yana ƙamshin sabon labule. Gwaggo ta sauko da kofuna shidan nan tana goge su da tsumma, tana 'yar waƙarta. Baba ya dube ni ta saman tabarau.

"An samu mai makullin?"

"An samu, Baba."

"Na nesa ne ko na kusa?"

Na ajiye jaka, na sunkuyar da kai. Ya ɗan jima yana kallona, sannan ya sa yatsa a tsakiyar littafin ya rufe shi. Tunda nake ban taɓa ganin ya rufe littafi saboda mai rai ba.

Sai wayar Gwaggo ta ɗauki ƙara a kan tebur, tsakanin kofuna. Ta leƙa, fuskarta ta washe.

"Mahaifiyar Injiniya ce! Ku yi shiru, ku yi shiru." Ta goge hannu a zani, ta gyara ɗaurin ɗankwali kamar matar tana ganinta, ta kai wayar kunne. "Salamu alaikum, surukata ta kaina! Yanzu nake zancenku."

Baba ya jawo kujerar da ke gefensa da ƙafa.

"Zauna nan, Uwata," ya ce. "Ki matsar da kofunan tukuna."